Kafin ka kawo karen kiwon shanu cikin gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wata sha'awa da na ga tana yaɗuwa, wato sayen karnukan da asalinsu na kiwon shanu ne don a ajiye su a gida. Bidiyon waya ne ya jawo mana. Mutum zai ga wani kare mai launin toka da ɗigo-ɗigo, kunnuwa a tsaye, yana juya garken shanu shi kaɗai, ko yana cafe ƙwallo a sama, ko an ce ya rufe ƙofa ya je ya rufe. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, amma kafin ya ƙare mutum ya fara cigiyar inda ake samun ɗan kwikwiyo. Ina da irin wannan kare, mace, ta daɗe a hannuna, shi ya sa 'yan uwa da abokan aiki suke yawan zuwa neman shawarata. Galibinsu cewa nake yi kada su saya. Suna ɗauka rowa ce ko ɗaga kai, don haka nake so in bayyana dalilina a fili, wanda ya nace kuma ya san abin da zai ɗauko.

Wanda aka fi nema shi ne karen shanun Ostareliya, wanda masu sayarwa ke kira Blue Heeler idan launinsa ya karkata zuwa shuɗi, ko Red Heeler idan ja ne. Sanin yadda aka samar da shi ya isa ya gaya wa mutum rabin abin da zai tarar. Turawan da suka buɗe manyan gonakin kiwo a Ostareliya a ƙarni na 19 sun zo da karnukansu daga Ingila, sai karnukan suka kasa. Zafi ya yi musu yawa, tafiya ta yi nisa, shanun kuma sun tashi a daji ba su saba da mutum ba. Wani mai kiwo a jihar New South Wales, Thomas Hall, ya haɗa karnukan korar shanu da dingo, karen dajin ƙasar, har zuwa wajejen 1840 ya samu irin da yake so. Shi da iyalinsa da ma'aikatansu ne kawai suke amfani da su har ya rasu a 1870, daga nan suka bazu zuwa hannun wasu. A 1903 aka wallafa siffofin da Robert Kaleski ya rubuta na yadda ya kamata karen ya kasance. Ba babba ba ne, nauyinsa kilo 15 zuwa 22, tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 51 ba. Amma a duba abin da aka nema daga wannan ɗan jikin: ya wuni yana gudu cikin rana, ya tunkari bijimin da ya ninka shi nauyi sau ashirin ko fiye, ya sha harbi ya tashi ya koma.

Yadda yake aikin ma abin lura ne. Yakan lallaɓo ta baya ba tare da haushi ba, ya ciji ƙafar bayan da saniya ta ɗora nauyinta a kai, nan take ya kwanta ƙasa, harbin ya wuce ta saman kansa. Ba ya jiran a ce masa wace saniya zai bi, domin mai garken yana can nesa a kan doki, shi zai duba ya yanke hukunci. Shekara fiye da ɗari ana zaɓar karnukan da suka fi iya wannan ana barinsu su hayayyafa, waɗanda ba su iya ba kuma ba a barinsu su hayayyafa.

To, ɗauko wannan kare ka sa shi a tsakar gida. Babu shanu, amma akwai yara. Yaro ya taso a guje yana ihu, karen ya bi shi ta baya ya kama masa diddige. Uwar yaro ta ce kare ya haukace, uba ya ɗauko sanda, alhali shi karen a ganinsa wata dabba ce ta ɓalle daga garke ya je ya mayar da ita. Ni da idona na ga karyar nan tawa, ranar da gida ya cika da baƙi, ta yi ta kewaya yaran da ke wasa tana matsa su a hankali har ta tara su a lungu ɗaya, sannan ta kwanta a gabansu tana kallona, wai ta gama aiki. Manya suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na san da ɗaya daga cikinsu ya zabura da gudu, haƙori za ta sa. Ana iya rage wannan hali da horo, kuma na rage shi ƙwarai: ta san kalmar da idan na faɗa za ta tsaya cak, ta san idan yara suka fara guje-guje wurinta shi ne kusa da ƙafata. Amma ragewa ne, ba a cire shi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk mai sayarwar da ya ce maka nasa kwikwiyon ba ya kama diddige, ko dai bai san karen ba ko kuɗinka yake so.

Ba yara kaɗai ba. Keke, babur, mai gudun motsa jiki, kaji, kyanwa, har tsintsiya idan ana shara, duk abin da ya motsa da sauri yana tayar masa da wannan jijiya. Bin babur da mota shi ne mafi haɗari, ga karen da kuma wanda ke kan babur ɗin. Akwai kuma wani abu da baƙi ba sa tsammani: sau da yawa ba lokacin da baƙo ya shigo yake kama shi ba, sai lokacin da ya juya baya zai fita.

Abu na biyu shi ne ƙarfin jiki, kuma nan ne mafi yawan masu tambayata suke yaudarar kansu. Sai mutum ya ce ai gidana da fili, zai yi ta yawo abinsa. Ba zai yi ba. Kare ba ya motsa jiki shi kaɗai don an ba shi fili, zama zai yi a bakin ƙofa yana jiran ka fito. Abin da irin wannan kare yake bukata shi ne awa ɗaya zuwa biyu a kowace rana na gudu da aiki tare da mai shi, ranar hutu da ranar aiki, ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Tawa ta san lokaci fiye da agogo. Gari na wayewa za ta zo ta zauna ta ƙura mini ido, idan na yi kamar ban gani ba ta ɗauko takalmina ta ajiye a gabana. Kuma tafiya kaɗai ba ta gajiyar da ita, domin kare ne da aka yi don ya wuni a guje. Idan kullum ƙara masa nisa kake yi, ƙara masa juriya kawai kake yi, kai ne za ka fara sarewa. Abin da ke kwantar da ita shi ne aikin da zai sa ta yi tunani. Nakan ɓoye wani abu in ce ta nemo da hanci. Na koya mata sunayen kayan wasanta, in ce ta kawo wannan ta bar wancan. Akwai wata babbar ƙwallo da ta fi ƙarfin bakinta, ita take turawa da ƙirji da hanci zuwa inda na nuna, wannan shi ne garkenta. Ɗan lokaci kaɗan na irin wannan ya fi doguwar tafiya sa ta yi barci.

Idan bai samu ba, zai nemo wa kansa aiki, kuma ba za ka so aikin da zai zaɓa ba. Zai tone fulawar da aka shuka, ya yayyaga katifa, ya tauna wayar wuta, ya koyi buɗe sakata, ya haura katangar da ka rantse ba zai iya ba. Daga nan sai mai gida ya gaji ya ɗaure shi da sarƙa. Wannan shi ne mafi munin abin da za a yi wa irin wannan dabba. Karen da aka ɗaure dare da rana yakan zama mai haushi ba tsayawa, mai fushi, ranar da ya kuɓuce kuma wani ne zai ji a jikinsa. An sayo shi don sha'awa, ya koma abin tsoro a bayan gida wanda ba mai zuwa kusa da shi sai mai kai masa ruwa.

Nakan ji ana cewa ai suna da basira, horonsu ba zai yi wuya ba. Basira kam akwai. Wani farfesa a Kanada, Stanley Coren, ya jera nau'o'in karnuka a 1994 bisa saurin koyon umarni, karen shanun Ostareliya ya zo na goma, Border Collie na kiwon tumaki ya zo na ɗaya. Sai dai saurin koyo ba ya zaɓar abin da za a koya. Yadda yake ɗaukar abin da ka koya masa da gangan, haka yake ɗaukar abin da ka koya masa ba da saninka ba. Sau ɗaya ya yi haushi ka buɗe masa ƙofa, shi ke nan ya gane. Kuma ka tuna an yi shi ne ya yanke hukunci da kansa. Idan yau ka hana gobe ka bari, ko kai ka hana uwargida ta bari, zai auna ku duka ya bi wanda ya fi sauƙi. Bugu kuma ba ya aiki a kansa. Karen da kakanninsa suka saba shan kofaton bijimi, me sandarka za ta yi masa? Abin da za ka samu kawai shi ne ya daina yarda da kai. Lada yake ji, da wasa, da magana ɗaya wadda ba ta canzawa.

Kada a ce na kushe shi. Ban taɓa ganin dabba mai riƙon amana irin wannan ba. Duk inda na sa ƙafa a gida tana biye da ni, idan na rufe ƙofa ta kwanta a bakinta har in fito. Ba ta da yawan haushi, idan ta yi to akwai dalili. Gashinta gajere ne, ba ya bukatar aski, ba ta da wari sosai, sai dai sau biyu a shekara takan zubar da gashin ciki har ka rasa inda yake fitowa, kullum sai an taje ta. Amma wannan ƙauna tana da nata nauyin. Yawanci mutum ɗaya suke zaɓa a gida, sauran su zama 'yan rakiya, kuma ba sa jure a bar su su kaɗai tun safe har dare. Baƙo kuwa abin zargi ne a wurinsu har sai ya tabbatar da kansa. Maganin wannan yana cikin makonnin farko. Daga mako 3 zuwa wajen mako 14 da haihuwa ne kwikwiyo yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin na yau da kullum. A wannan tsakani ya kamata ya ga mutane iri-iri, maza da mata, yara da tsofaffi, ya ji ƙarar mota da ta injin, duk cikin natsuwa ba tare da an tsorata shi ba. Wanda ya bari wannan lokaci ya wuce zai yi shekaru yana gyara. Kuma kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, domin a wurinta da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo, darasin da wannan nau'i ya fi kowa bukata.

Wasu idan na gama wannan bayani sai su ce to wane ne mai sauƙi a cikin karnukan shanu. Nakan ambaci Corgi, ɗan gajeren nan na ƙasar Wales mai fuska kamar ta dila. Mutane da yawa ba su san cewa karen shanu ne ba, saboda sun san shi a fadar Ingila, inda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta riƙe fiye da 30 a rayuwarta. Gajartar ƙafafunsa ita ce ta sa harbin saniya ke wucewa ta kansa. Nauyinsa kilo 10 zuwa 14, ya fi son mutane, kuma bukatarsa ta gudu ba ta kai ta ɗan Ostareliya ba. Ga gida mai iyali shi zan fi nunawa. Amma shi ma yana kama diddige, yana da haushi ƙwarai, gashi kuma kamar ana karkaɗe shi. Ita kanta Sarauniyar sai da aka yi mata ɗinki a hannu a 1991, lokacin da ta shiga raba faɗan karnukanta. Babbar matsalarsa baya ne: dogon jiki a kan gajerun ƙafafu, ga shi da kwaɗayi. Idan aka bar shi ya yi ƙiba, ko yana yawan dirowa daga kan kujera da bene, ƙashin bayansa na iya samun matsalar da za ta kai ga shanyewar ƙafafun baya.

Bouvier des Flandres, na yankin da ke tsakanin Beljiyam da arewacin Faransa, ya fi su natsuwa a cikin gida. Ya kusa ƙarewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin a yankinsa aka yi ɓarin wuta mafi muni. Yana kai kilo 40, ga gashi mai kauri da gemu da ke kwasar ruwa da datti, sai an riƙa taje shi ana yi masa aski, kuma ba ya jure zafi. Wanda ke zaune inda rana ke da ƙarfi ya haƙura da shi. Rottweiler ma asalinsa korar shanu zuwa kasuwa yake yi wa mahautan garin Rottweil a Jamus, har jirgin ƙasa ya zo ya karɓe aikin. Namijinsa yana kai kilo 50. Kare ne nagari a hannun wanda ya sani, amma ba na ɗan koyo ba ne, kuma wasu ƙasashe sun sa masa doka, a ƙasar Ayalan alal misali ba a fita da shi bainar jama'a sai da takunkumi da igiya. Akwai Australian Shepherd, wanda a yammacin Amurka aka samar da shi, ya fi ɗan Ostareliya taushin hali amma bai gaza shi son aiki ba. 

Abin da ya fi sunan nau'i muhimmanci, kuma ba a cika tambaya ba, shi ne gidan da kwikwiyon ya fito. A cikin nau'i ɗaya akwai waɗanda iyayensu har yau suna bin shanu, akwai waɗanda an yi zuriya da yawa ana kiwonsu don zaman gida da gasar nuna kyau. Mai sayarwa zai yi maka alfahari cewa uban wannan gwarzo ne a garke. Ga makiyayi wannan albishir ne, ga mai zaman gida kuwa gargaɗi ne. Ka nemi ganin uwar da idonka. Idan ta zo ta shinshine ka ta koma ta kwanta, alama ce mai kyau. Idan sai an riƙe ta, ko an ce ba ta nan, ka juya. Kuma a cikin 'yan kwikwiyon kada ka ɗauki wanda ya fara rugowa ya cafke maka wando, duk da shi ne zai fi burge ka, kada kuma ka ɗauki wanda ya maƙale a lungu don tausayi. Na tsakiya ake nema.

Sai batun lafiya. 'Yan kwikwiyon karen shanun Ostareliya farare ake haihuwarsu, launin yana fitowa ne daga baya, kuma wannan gadon fari yana tafiya da kurumta. Kusan ɗaya cikin goma kurma ne, a kunne ɗaya ko duka biyu. Mai kurumtar kunne ɗaya ba a gane shi da tafi ko kira, sai da gwajin na'ura da likitan dabbobi ke yi tun kwikwiyo yana da mako shida. Akwai kuma ciwon ido na gado da ke lalata gani a hankali har kare ya makance bayan ya girma, ana gano shi a jikin iyaye da gwajin ƙwayoyin halitta. Akwai matsalar kwankwaso, wadda hoton ƙashi ke nunawa. Mai kiwon kirki zai nuna maka takardun waɗannan gwaje-gwaje ba tare da ya ɓata rai ba. Wanda ya zaɓi Australian Shepherd kuma ya riƙe abu biyu. Kusan rabinsu suna ɗauke da wani gado, wanda masana a Jami'ar Jihar Washington suka gano a 2001, da ke sa wasu magunguna su ratsa cikin ƙwaƙwalwa. Ivermectin na cikinsu, maganin tsutsa da ƙazuwa da ake ba dabbobi, kuma idan aka ɗura wa irin wannan kare da yawa zai iya mutuwa. Kada wani ya ce maka ga maganin da yake ba shanunsa ka gwada. Na biyu, launin nan mai dabbare-dabbare da ake rububi: idan aka haɗa uwa da uba duka masu shi, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan kan gaji launin ta ɓangare biyu, kuma da yawansu kurame ne ko makafi. Allurar haukan kare da sauran rigakafi kuwa ba sai an faɗa ba, musamman ga kare da aka san yana sa haƙori. Ko ƙwarzane ya yi wa ɗan maƙwabci, takardar allurar nan ce za ta kwantar da hankalin kowa.

A yi lissafin shekaru kuma. Karnukan shanun Ostareliya suna kai shekara 12 zuwa 16, kuma ba sa saurin tsufa. Karen da kundin Guinness ya rubuta a matsayin mafi tsawon rai, Bluey, irin wannan nau'i ne, an haife shi a 1910 ya mutu a 1939 yana da shekara 29 da wata 5, bayan ya yi kusan shekara 20 yana bin shanu da tumaki. Ba kowanne zai kai haka ba, amma saurayin da ya saya yau ya sani zai yi aure, ya haihu, ya canza gida ko aiki, karen yana nan yana jiran a fita da shi da safe. Na san wani matashi da ya sayi namiji yana zaune shi kaɗai, suka shaƙu ƙwarai, da ya yi aure karen ya ƙi yarda amarya ta zauna kusa da shi. Da ƙyar aka samu wanda ya karɓa, domin babban kare mai mutum ɗaya ba kowa ke so ba.

Waɗanda nake ce wa su saya ba su da yawa: mutumin da ya taɓa riƙe kare ya hore shi, wanda dama yana fita gudu ko doguwar tafiya kullum tun kafin ya yi tunanin kare, wanda ba a barin gidansa babu kowa tsawon wuni, kuma yaransa sun kai shekarun da idan aka ce su tsaya cak za su tsaya. Ko shi ɗin nakan ba shi shawara ya duba babban kare mai shekara biyu ko uku da wani ya kasa riƙewa, domin halinsa ya riga ya fito, abin da ka gani shi za ka samu. Mai jarirai da masu rarrafe ya jira tukuna, ko ya nemi nau'in da dama don zama da mutane aka yi shi, suna nan da yawa.

Ya Edita, ina roƙon idan da hali ku gayyaci likitan dabbobi ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu a kan irin waɗannan abubuwa, musamman gwajin kurumta da magungunan da bai kamata a ba kare ba tare da izinin likita ba. Masu sayarwa suna da bidiyo, masu saye kuma ba su da wanda za su tambaya kafin su biya.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku